Na'urar lodi tana nuna 11.2V, maltimita a kan batir tana nuna 12.4V: wanne zan gaskata?

Mai_Sola_200:

Assalamu alaikum injiniyoyi da masu gyara. Ina neman a warware mini wani abu game da gwajin batir da na'urar lodi ta lantarki, wato na'urar da take jan karant daga batir gwargwadon yadda aka saita ta.

Ga kayan aikin. Batirin ruwa ne na inbata, 12V 200Ah, an cika masa caji kuma ya huta kafin gwaji. Na'urar lodin tana ɗaukar 30A da 300W. An saita ta a CC (tsayayyen karant), ta ja 20A, ta tsaya idan bolteji ya sauko 10.8V, wato gwajin awa goma. Wayar 2.5mm² ce, ja mita uku, baƙa mita uku, da kilif mai bakin kada a ƙarshen kowace, domin batirin yana ƙasa, na'urar kuma tana kan benci.

Da an kunna lodi sai fuskar na'urar ta nuna 11.2V, alhali maltimita a kan batir tana nuna 12.4V. In an kashe lodi, duka biyun su koma lamba ɗaya. Na'urar ta yanke bayan awa huɗu da 'yan mintuna, ta rubuta 84Ah, kuma a lokacin maltimita tana nuna 12.0V. Wayar tana yin ɗumi sosai.

Batirin ne ya mutu, ko na'urar ce ba ta da lafiya? Sannan akwai wasu ƙananan bakuna biyu a jikinta da aka rubuta S+ da S−. Mene ne aikinsu? In an haɗa su, tsawon waya ya daina zama matsala ke nan? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Benci:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yanke wa batirin nan hukunci tukuna, kuma na'urarka lafiyarta ƙalau. Lambobin biyu duk gaskiya ne, wurin da kowacce take aunawa ne ya bambanta. Maltimita tana auna bolteji a kan batir, ita kuwa na'urar lodi tana auna abin da ya iso bakinta bayan waya ta ci nata kason. Shi ya sa suke haɗuwa da zarar ka kashe lodi: in babu karant, babu abin da zai zube a hanya.

Yi lissafin da kanka. Bambancin 1.2V ne a 20A. In ka raba, turjiyar hanyar ta zama 0.06Ω, wato 60mΩ. Wayar jan ƙarfe 2.5mm² tana da kamar 7.4mΩ a kowace mita. Mutane da yawa mita uku suke lissafawa, su manta karant zuwa yake yi ya dawo. Mita shida ce, ta ba ka 44mΩ, ta cinye kusan 0.9V. Sauran 16mΩ ɗin, wajen 0.3V, suna wuraren haɗi, kuma kilif ɗin nan nake zargi. Haƙoransa ɗigo biyu ko uku kawai suke taɓawa a kan batir, duk 20A ɗin kuma ta nan za ta matse ta wuce. Ɗumin da kake ji shi ne 1.2V sau 20A, wato 24W da suke ƙonewa a waya da kilif.

Yanzu sai a rarrabe abin da ya ɓaci a sakamakonka da abin da bai ɓaci ba. A CC, karant ɗin daidai yake, domin hanya ɗaya ce: abin da ya fito daga batir shi ya shiga na'ura, ko wayar mita ɗaya ce ko goma. Saboda haka 84Ah ɗin gaskiya an fitar da su. Matsalar ita ce na'urar ta tsaya da wuri. Ta ga 10.8V a bakinta lokacin da batirin yake kan 12.0V, kuma a batirin dalma mai lafiya babban kaso na cajin yana tsakanin 12.0V da 10.8V ɗin nan. Wannan gwajin bai nuna batirin yana da kyau ba, bai kuma nuna ya mutu ba. Ba a kai ƙarshensa ba ne kawai. In ka duba Wh (jimlar makamashin da aka fitar) da ta rubuta, shi ma ya gaza da kusan kashi 10 cikin ɗari, domin ta ninka karant na gaskiya da boltejin da ya riga ya rage.

A sauran saitin uku abin ya fi muni, domin a can na'urar da boltejin take yanke shawarar karant ɗin da za ta ja. A CR (tsayayyar turjiya), in ka saita 0.6Ω, batirin 0.66Ω yake gani, karant ya ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari. A CP (tsayayyen wat), in ka nemi 240W, na'urar za ta ja wajen 21.6A don ta cika 240W a bakinta, batirin kuma yana fitar da kusan 268W. A CV (tsayayyen bolteji), in ka saita 12.0V, abin da kake gwadawa zai zauna sama da haka da gwargwadon abin da waya ta ci, kuma adadin yana canzawa da karant.

S+ da S−, waɗanda ake kira sens, su ne maganin wannan ɓangaren. Bakuna ne da suke zuwa kai tsaye ga ma'aunin boltejin da ke cikin na'urar. Turjiyar shigarsu tana da yawa, ɗaruruwan kiloom ko fiye, don haka karant ɗin da ke bin wayarsu 'yan maikro-amfiya ne, babu abin kirki da zai zube. Manyan wayoyi biyu su ɗauki karant, sirara biyu su auna bolteji. Shi ne haɗin waya huɗu da ake jingina wa Lord Kelvin, masanin kimiyyar Birtaniya na ƙarni na 19.

Wajen haɗawa, ka fara kashe shigar lodin. Ka ɗaura manyan wayoyin su yi ƙarfi. Sannan ka kai S+ kan batir na fozitif, S− na negetif, ka duba sau biyu kada su juye. Inda za ka kama shi ne muhimmin abu: a jikin dalmar kan batirin kanta, ba a jikin kilif ba, ba a kan babbar wayar ba. In ka maƙala sens a bayan kilif, ka cire turjiyar waya amma ka bar ta kilif ɗin a cikin awo, 0.3V ɗin nan yana nan. Bayan haka ka shiga saitin na'urar ka kunna sens, domin yawancinsu ba sa komawa can da kansu don kawai an soka waya. Tabbatarwa ba ta da wuya: kunna 20A, ka kwatanta fuskar na'urar da maltimita a kan batir. In bambancin bai wuce 0.02V ko 0.03V ba, ka yi daidai. In har yanzu 1.2V ne, sens ɗin bai kunnu ba.

Ka sake cika batirin, ka bar shi ya huta, sannan ka maimaita gwajin daga farko.

Baba_Rewaya:

Injiniya ya yi bayani mai kyau. Amma tunda an riga an san waya tana cin 1.2V, me zai hana ya saita wurin tsayawa a 9.6V kawai? In na'ura ta ga 9.6V, batir yana kan 10.8V, shi ke nan, ba sai an ƙara wasu wayoyi ba. Akwai ƙananan na'urori da yawa a hannun mutane da ba su da S+ da S− ma.

Hajiya_Lantarki:

Baba, a takarda lissafinka daidai ne, kuma wanda na'urarsa ba ta da sens dole wani abu makamancin haka zai yi. Amma ga mai S+ da S− ba zan ba shi wannan shawarar ba, domin 60mΩ ɗin nan ba tsayayyen abu ba ne.

Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Lambobin da ke cikin jadawalin waya na digiri 20 ne. Shagon da ke kan digiri 40 a watan Afrilu ya riga ya ƙara kusan kashi 8 kafin a kunna komai. Wayar 2.5mm² da ta ɗauki 20A awa da awanni, musamman in an naɗe ta, za ta iya kaiwa digiri 60, ƙarin ya zama kusan kashi 16. Wannan kaɗai ya mayar da 0.89V zuwa sama da 1.0V. Kilif ɗin kuwa ya fi waya rashin amana: ka motsa shi kaɗan turjiyarsa ta canza, ya yi zafi ta canza, ƙafar wani ta taɓa wayar ta canza. In turjiyar ta ƙaru, gwajin zai tsaya da wuri. In ta ragu, misali kilif ya gyara zama, batirin zai nutse ƙasa da 10.8V, kuma a ƙarshen fitar caji bolteji faɗuwa yake da sauri, rabin bolt a can ba ƙaramin abu ba ne ga batirin dalma. Kuma dabarar a CC kawai take aiki, a karant ɗaya tak. Ka canza zuwa 10A ka manta da 9.6V ɗin a saiti, ka zurfafa batirin zuwa 10.2V.

Wanda ba shi da sens, abin da ya kamata ya yi shi ne ya rage turjiyar har ta zama ba abin damuwa ba, sannan ya gyara ɗan abin da ya saura. Waya 6mm² mai laushi tana da kamar 3.3mΩ a mita. In aka matso da batirin aka yi mita ɗaya da rabi kowane ɓangare, 10mΩ ke nan, 0.2V a 20A, zafin 4W maimakon 24W. In dole sai mita uku, a sa 10mm², kamar 1.9mΩ a mita, a samu 0.23V. A cire kilif a sa kan waya mai huji da aka matse da abin matsewa, a ɗaure da noti. A goge kan batirin da samfefa har ya yi haske. A kula da wosha: wurinta saman kan wayar ne, ƙarƙashin noti. In ta shiga tsakanin kan waya da kan batir, karant ɗin gaba ɗaya ta cikinta zai bi, kuma ƙarfen sitenles ya fi jan ƙarfe turjiya kusan sau arba'in. Wurin zai yi zafi, awon ya ɓaci.

Mai tambaya, kafin ka sayi komai ka gano inda 1.2V ɗin yake zubewa. Kada ka auna wayar da ɓangaren om na maltimita, wayoyin maltimitar kansu sun kai 0.2Ω, ba za ta ga 20mΩ ba. Ka yi amfani da lodin. Kunna 20A, ka sa maltimita a mV ko ƙaramin zangon DC. Tsinke ɗaya a dalmar kan batir, ɗaya a jikin kilif: wannan zubar kilif ce. Daga kilif zuwa ƙarshen wayar a bakin na'ura: zubar waya. Ka yi haka a ja, ka yi a baƙa. A 20A, kowane 20mV daidai yake da 1mΩ. Haɗin noti mai kyau bai kamata ya wuce 10mV zuwa 20mV ba.

Wannan awon zai kuma gaya maka gaskiyar wayar. Mita uku ta 2.5mm² ta jan ƙarfe zalla za ta nuna wajen 0.45V. In ka ga 0.7V, ko dai wayar ba ta kai kaurin da aka rubuta a jikinta ba, ko kuma alminiyam ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wadda turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan rabi. Duka biyun suna yawo a kasuwa. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, ka sami amsarka.

Mai_Osiloskof:

Akwai sashen tambayar da ba a amsa ba: shin in an haɗa sens, tsawon waya ya daina zama matsala? A'a. Sens yana gyara abin da na'urar take gani, ba ya taɓa abin da ke faruwa a cikin wayar. A nan ne ake rikita na'urar lodi da na'urar ba da wuta. Mai ba da wuta in ta ji bolteji ya gaza a can ƙarshe, sai ta ƙara nata ta cike giɓin. Lodi ba shi da abin ƙarawa, sha kawai yake yi. 24W ɗin nan suna nan suna dafa wayarka ko da sens ko babu.

Abu na farko da ke cizon mutane shi ne mafi ƙarancin boltejin aiki. Transistocin cikin na'urar, ko an buɗe su gaba ɗaya, suna da 'yar turjiya, haka ma rizistan auna karant. Shi ya sa littafin kowace na'ura yake faɗin boltejin da take bukata a bakinta kafin ta iya jan cikakken karant. A irin waɗannan na benci galibi wajen 1V ne ko sama. A batir 12V ba za ka lura ba. Amma ɗauki sel ɗaya na batirin litiyam LiFePO4, mai 3.2V, da ake tsayar da shi a 2.5V, ka nemi 30A ta wannan hanya mai 60mΩ. Waya ta cinye 1.8V. In na'urar tana son 1V a 30A, da sel ɗin ya sauko 2.8V karant zai fara zamewa ƙasa, a 2.5V bai fi 27A ba. Da sens a kunne, fuskar tana nuna boltejin sel ɗin daidai, mutum ya ɗauka komai lafiya, alhali gwajin ya daina zama na tsayayyen karant. Sel ɗin dalma mai 2V da ake saukewa zuwa 1.8V ya fi haka wahala, ba zai wuce 19A ba. Ga irin waɗannan, waya 10mm² mita ɗaya kowane ɓangare, zubar 0.11V a 30A, ita ce daidai. Kuma lokaci-lokaci a ɗora maltimita a manyan bakunan na'urar, domin da sens a kunne fuskarta ba ta nuna maka wannan wurin.

Na biyu shi ne indaktans, wato yadda waya take turje wa saurin canjin karant, kuma wannan ba ruwansa da kaurin waya sosai. Tsawo da kuma faɗin filin da ke tsakanin ja da baƙa su ne suke kawo shi. Wayoyi biyu na 2.5mm² da aka bari da tazarar santimita 10 suna ba da kusan 2µH a kowace mita ta tafiya, wato wajen 6µH a mita uku. In aka tufke su kamar igiya suka manne da juna, ya sauko ƙasa da 2µH. A gwajin batir mai awa goma, karant ba ya motsi, indaktans ba ya yin komai. Amma ranar da ka ɗora caja ko na'urar ba da wuta ta 5V kana son ganin yadda take amsa tsallen lodi, lissafin shi ne indaktans sau saurin canjin karant. A 1A cikin kowace maikro-daƙiƙa, 6µH tana neman 6V, kai kuma 5V gare ka. Karant ɗin ba zai iya hawa da saurin da ka saita ba. Wayar ta tausasa bugun, na'urar da kake gwadawa ta fito kamar ta fi yadda take kyau. Wajen sauka kuma abin juyewa yake: ka yanke 20A da saurin 2.5A a maikro-daƙiƙa, wayar ta harba 15V a kan boltejin da ke akwai, a bakin lodin. Wannan yakan tayar da kariyar wuce-bolteji, in ma bai yi ɓarna ba.

Sannan akwai rawa. Na'urar lodi tana da da'irar da take duba karant ko bolteji tana gyarawa cikin sauri. Doguwar waya tana kawo jinkiri, kuma in ka kunna sens a CV ko CR, ka shigar da wayar gaba ɗaya cikin wannan da'irar. In jinkirin ya yi yawa, gyaran yakan zo a makare, karant ya shiga hawa da sauka sau dubbai a daƙiƙa. Fuskar na'urar matsakaici take nunawa, don haka wani lokaci ba za ka gani ba. Alamominsa su ne lambar ƙarshe tana tsalle, ko wani siririn kuka daga na'urar. Osiloskof, na'urar da take zana hawa da saukar bolteji a allo, in ka ɗora shi a manyan bakunan zai nuna shi fili. Maganin bi da bi: gajarta waya, tufke ta, rage saurin hawan karant a saiti. In bai lafa ba, a ɗora kafasita da rizista a jere, a haɗa su a bakin lodin tsakanin fozitif da negetif. Ga 6µH, kafasita 4.7µF da rizista 1Ω suna kusa da daidai, kafasitar kuma ta fi boltejin aikin ƙarfi. Sai dai a cire su in za a yi gwajin tsallen lodi, domin suna canza siffar bugun.

Mai_Sola_200:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ga awon a 20A kamar yadda Hajiya ta ce: jar waya 0.45V, baƙa 0.45V, kilif na fozitif 0.09V, na negetif 0.21V. Wayar jan ƙarfe ce ke nan.

Sauran tambaya biyu. Wace irin waya zan sa wa sens, kuma me zai faru in ɗaya ta zame cikin dare ana tsakiyar gwaji? Sannan in zan gwada farantin sola 250W da ke kan rufi, waya 4mm² mita 15, zan iya jan sens har can?

Injiniya_Benci:

Lambobinka sun haɗu daidai 1.20V, kuma kilif na negetif shi kaɗai yana da sama da 10mΩ, yana ƙona 4W a ɗan wurin da haƙoransa suka kama. Shi ne farkon abin cirewa.

Wayar sens ba ta bukatar kauri. Ko da turjiyarta ta kai 1Ω, in shigar na'urar 500kΩ ce, a 12V karant ɗin 24µA ne, kuskuren 24µV, ba ka da ma'aunin da zai gan shi. Abin da take bukata shi ne kariya daga hayaniyar lantarki. Tagwayen waya ɗaya daga cikin kebul ɗin intanet na Cat5e sun wadatar, tunda a tufke suke tun daga masana'anta. A tufke S+ da S− da junansu, ba da manyan wayoyin ba, kuma a nisanta su da inbata, caja da taransifoma. In wayar mai rigar kariya ce, a haɗa rigar a ɓangare ɗaya kawai, can wajen na'urar. Ka zaɓi mai sili da yawa in akwai, domin mai sili ɗaya tana karyewa a wuyan haɗi in ana yawan lanƙwasa ta.

Ka sa fiyus 0.5A a wayar S+ dab da kan batir. Batir 200Ah zai iya tura ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya in ta taɓa negetif, ta zama ja ta kama da wuta kafin ka miƙa hannu. Turjiyar fiyus ɗin ba za ta taɓa awon ba, saboda dalilin da na faɗa a sama. Babbar jar wayar ma tana son nata fiyus, 30A, kusa da batir.

Zamewar sens kuwa ya danganta da ƙirar na'urar, kuma ya kamata ka san halin taka kafin ka bar ta ita kaɗai. Wasu suna da rizista a ciki tsakanin sens da manyan bakuna, in waya ta cire sai awon ya koma na bakin na'ura, gwajin ya tsaya da wuri, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Wasu sai su ga sifili: a gwajin batir za su yanke nan take, a CR su daina ja, amma a CP suna iya ƙoƙarin cike wat ɗin da karant har su kai iyakarsu. Mafi haɗari ita ce wadda shigarta take shawagi ta riƙe wata lamba mai yawa, domin ba za ta taɓa ganin 10.8V ba, za ta yi ta ja har batirin ya nutse. Gwada da rana: saita 1A, cire S+ da gangan, ka ga abin da fuskar ta nuna, ka mayar, ka cire S− shi ma. Sannan ka saita iyakar karant da iyakar lokaci, misali awa 11, su zama kariya ta biyu. Sens ɗin kuma kada ya kasance a kan ƙaramin kilif da zai iya zamewa. Ka ba shi nasa kan waya mai huji a ƙarƙashin noti, ko ka kama dalmar da matsewa dabam.

In a ƙarƙashin noti ɗaya ka sa shi, a saman kan babbar wayar zai zauna, kuma zai haɗa da 'yar turjiyar da ke tsakanin kan wayar da dalma. Ga gwajin Ah wannan ba komai ba ne. Amma in turjiyar cikin batirin kake nema, wato ka auna bolteji a 5A da a 20A ka raba bambancin da 15A, sai ka taɓa dalmar kai tsaye, domin abin da kake nema 'yan miliom ne kawai. Ba tare da sens ba da 60mΩ na waya za su hau kai su rufe amsar gaba ɗaya.

Batun faranti: mita 15 zuwa da dawowa mita 30 ce, wayar sola 4mm² kamar 5mΩ a mita, 0.15Ω ke nan. Faranti 250W yana ba da wajen 30V da 8.3A a ƙololuwarsa, waya ta ci 1.25V, kusan 10W, kashi 4 cikin ɗari. In farantin kake son sani, ja sens har mahaɗar MC4 ɗinsa. In kuwa abin da zai iso wa na'urar caji kake son sani, a ƙasa za ka auna, ba sens, tunda wayar tana cikin tsarin. Ana gwada faranti a CV, ana matsar da bolteji kaɗan-kaɗan har wat ya kai ƙarshen hawansa, kuma CV da sens mai mita 15 shi ne ainihin yanayin rawar da aka bayyana a sama. Hanya mafi aminci ita ce ka bar na'urar tana sarrafa kanta da boltejin bakinta, sens a kashe, ka jawo siraran wayoyin daga MC4 zuwa maltimita dabam, ka ninka abin da ta nuna da karant ɗin na'urar. Ja da baƙa su sauko daga rufi a manne da juna, an ɗaure su kowane rabin mita, kuma ka yi awon cikin sauri lokacin da babu gajimare, domin hasken da ya canza tsakanin awo biyu zai fi kashi 4 ɗin da kake bi girma.